Ƙofa, But ko Rufi: Ina Ya Fi Dacewa da Sifikun Baya a Tsohuwar Jif?

Bara da muka tafi ziyara Madina, mun bar Jidda bayan sallar Asuba, mu takwas a cikin Land Cruiser ɗina ƙirar 1996. Ƙanena yana gefena, Hajiya mahaifiyata tana kujerar tsakiya ita da uwargida da jaririya, yara uku kuma suna kujerun ƙarshe, kaya jibge a bayansu. Da muka hau titin Hijira sai na haɗa wayata da rikoda na sa tafsiri. Ba a yi minti biyar ba Hajiya ta ce, "Kai, ƙara mana muryar malamin nan, ni gunaguni kawai nake ji." Na ƙara. Sai ga muryar babbar 'yata daga can baya: "Baba, don Allah a rage, har cikin kaina nake jin sa." Haka muka ci fiye da kilomita 400. In na ƙara na cuci yara, in na rage na hana mahaifiyata abin da ta fi kowa son ji a motar. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Sifikun ba su da laifi. Manya ne masu kyau, irin dogayen nan masu inci 6 da 9, wanda na sayi motar a hannunsa ya bar su cikin akwatunan katako biyu a but. Na ƙofofin baya kuwa sun daɗe da mutuwa, ban ma lura ba. Da muka dawo na ɗauko awo na gwada: daga akwatin zuwa kunnen yarinyar bai kai rabin mita ba, zuwa kunnen Hajiya kuwa ya haura mita ɗaya da rabi, ga jingina kujera a tsakani, ga jakunkuna. Daga ranar na daina tambayar wace sifika ce ta fi, na koma tambayar a ina za ta zauna. Na zaga sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, na shiga Patrol ɗin abokai da Jims (GMC) ɗinsu na saurara, na kuma yi asarar kuɗi sau ɗaya. Abin da na fahimta shi ne sifikun baya ba na direba ba ne, na mutanen da ke baya ne. Wanda ya san su wa yake ɗauka da kujerar da suke zama, ya gama rabin zaɓi.

Abu biyu ne ke yanke hukunci a kowane wuri da za mu duba. Na farko, sauti ba tafiyarsa ɗaya ba. Mai kauri, irin rugugin ganga da ake kira bas, yana zagaye kujera da kaya ya cika mota, kuma in ya yi ƙasa da kimanin haz 80 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti) kunne ba ya ma iya gane daga ina ya fito. Siririn sauti kuwa miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, ƙafar mutum ko jarka ɗaya ta isa ta tare shi. A cikin siririn nan ne harufa suke rabuwa, a nan kunne ke bambance sin da shin, ya gane inda mai karatu ya yi gunna da inda ya tsaya. Mu da yawancin abin da muke saurare a mota karatu ne da tafsiri da labarai, wannan ɓangaren ya fi mana bas muhimmanci nesa ba kusa ba. Na biyu, sifika tana tura iska ta gaba tana jan ta ta baya. In iskar gaba da ta baya suka haɗu sai su kashe juna, shi ya sa sifikar da aka riƙe a hannu take ƙara kamar gwangwani. Tana buƙatar bango mai ƙarfi da za ta zauna a kai, da ɗan ɗaki a bayanta.

Ƙofar baya ta riga ta cika sharaɗi na biyu, domin ita kanta akwati ce. A yawancin motocin nan kamfani ya riga ya bar rami ya kuma ja waya har wurin, ba sai an ɗaga kafet ba. Ba a ganin komai daga waje, kaya ba sa taɓa ta, kuma ita ce mafi kusa da kujerar tsakiya, inda iyaye da manyan baƙi suke zama. Ga wanda ke tunanin sayar da motar wata rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kowa ya je haraj, kasuwar gwanjon motoci, ya san yadda masu sayen tsohuwar Land Cruiser ko Patrol suke leƙa kowane lungu suna neman abin da yake "wakala", wato yadda ya fito daga kamfani. Ramin da aka yanka a jikin roba ko ƙarfe, a kan farashi yake fita.

Amma ƙofa tana da nata halin, kuma a nan na ƙone hannu. Ramin da na tarar a ƙofofina na inci 4 ne, ƙarami. Na shiga wani shagon kayan sauti, yaron shagon ya ce ba matsala, za a faɗaɗa a sa mai inci 6.5. Ya yanka, ya ɗaura, muka kunna, sauti ya fito raɗau, na biya na tafi. Washegari da yamma uwargida ta sauke gilashi za ta karɓi saƙo, sai muka ji ƙwas. Gilashin ya tsaya saura kamar yatsu uku ya shige, injinsa yana ta gurnani. Gindin gilashin ne ya sauka a kan maganaɗisun sifikar. Allah ya taƙaita bai fashe ba, amma ya goce daga kan layinsa, sai da aka sake buɗe ƙofar.

Wani dattijo mai gyaran wutar mota ne ya gyara mini, Bahaushe haifaffen Makka, wanda ya shekara da shekaru yana wannan aiki. Bai ce komai a kan aikin yaron ba. Ya cire sifikar, ya sauke gilashin har ƙasa, ya zura sandar biro cikin ramin har ta taɓa gilashi, ya sa babban yatsa ya kama daidai bakin ƙarfe, ya zaro ya aza a kan awo. Santimita 4 da ɗan ɗoriya. Sifikar da aka sa mini kuwa zurfinta ya kusa 6. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, gilashi ake fara tambaya kafin a tambayi mai kanti." Hanya biyu ya ba ni: ko a sayi marar zurfi, don akwai masu inci 6.5 da aka yi musamman saboda ƙofofi irin waɗannan, ko a sa zobe tsakanin sifika da ƙarfe ya turo ta waje. Zoben ma yana da iyaka, domin in ya yi kauri fuskar sifikar za ta riƙa dukan marfin ƙofa, ko ta tokari gefen kujera in an rufe. Mun haɗa biyun: marar zurfi da siririn zobe.

Zoben nan, kada a yarda a yi shi da katakon nan na garin katako da aka matse, wanda ake kira MDF, sai fa in an shafe shi da fenti ciki da waje. Mutane da yawa ba su san cewa cikin ƙofar mota wuri ne mai jiƙewa ba. Ruwa yana bin jikin gilashi ya gangara ciki, ya fita ta ƙananan hudoji da ke ƙasan ƙofar, haka aka ƙera ta. Wani zai ce ina ruwan yake a Jidda? Wanda ya ga ambaliyar Nuwamba 2009, ko ruwan da aka tafka a Nuwamba 2022, ba zai yi wannan tambaya ba. Ko ba ruwan sama, ga raɓar teku kullum dare, ga bututun masu wankin mota da ke harba ruwa da ƙarfi. Katakon yana shan ruwa ya kumbura ya zama kamar burodi, sukurori su saki. Zoben roba ya fi, ko falankin katako mai jure ruwa. A kuma duba hudojin ƙasan nan, nawa biyu na tarar ƙura ta toshe su ta zama laka. Ledar da kamfani ya manna a jikin ƙofa a mayar da ita yadda take, ba ado ba ce.

Zafi ma yana da ta cewa. Motar da ta wuni a rana a watan Yuli, cikinta tanda ne. Tsofaffin sifikuna da na ciro, bakinsu na soso ne, ina taɓawa ya zube kamar garin kuka. A nemi mai bakin roba. Haka shimfiɗar da ake mannawa a jikin ƙarfe don hana shi kaɗawa: akwai mai araha da aka yi da kwalta, wadda a zafin ƙasar nan take narkewa ta zubo, motar ta ɗauki warin sabon titi. Mai butil, wani nau'in roba, ita ce ke jurewa. Ba sai an lulluɓe ƙofar duka ba, 'yan faci a bayan sifika da tsakiyar faffaɗan ƙarfen sun isa su kashe yawancin ƙarar.

Babban aibin ƙofa dai shi ne ƙasa take, daidai idon sawu. In mutum uku suka cika kujerar tsakiya, ga abaya, ga jakar hannu, ga ledar tsaraba a ƙasa, rabin siririn sautin a nan yake mutuwa. Ana rage wannan da sifikar da ƙaramar tuwitarta, wato 'yar sifikar da ke fitar da siririn sauti, take juyawa, a karkata ta sama wajen kunne. Duk da haka, muryar da ta tashi daga ƙasan ƙofa ba ta isa kujerun ƙarshe da kyau, jinginar kujerar tsakiya ta tare ta. Ƙofa ta mutanen tsakiya ce, a nan ta tsaya.

Wurin da ya fi jan hankalin mutane shi ne gefen but, saman tayoyin baya. Ido yana ganin fili, zuciya ta ce ai nan mai inci 6 da 9 za ta zauna daram. Wani lokaci haka ne, kuma in ta zauna da kyau tana ba da kaurin da ƙofa ba za ta taɓa bayarwa ba. Sai dai kafin a yanka, a cire marfin a leƙa. Motocin da aka kawo wa ƙasashen Larabawan nan da yawa suna da mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, na baya, kuma injinsa a bayan ɗaya daga cikin marafan nan yake ɓoye, da bututansa. A ɗaya gefen ana iya tarar da jak da kayan aikinsa. Ga bututun da ke kai mai tanki, ga abin naɗe bel ɗin kujera. Sau da yawa gefe ɗaya yana da zurfi, ɗayan babu, mutum ya ƙare da sifika ɗaya mai ɗaki, ɗaya marar ɗaki, sautinsu ya bambanta. Wanda zai huda ƙarfe a wurin nan ya san abin da ke bayansa tukuna. Sukuru ɗaya a jikin bututun gas ɗin mukayyif ya isa ya mayar da aikin yini guda ya zama na mako.

Marfin kansa roba ce da ta sha rana shekara 25 ko fiye, ta bushe. Ba za ta iya riƙe nauyin babbar sifika ba, za ta yi ta karkarwa har ta tsage. Dole a kafa katako a jikin ƙarfen mota, sifika ta zauna a kansa, marfin ya zama rufi kawai. Wannan aiki ne na gaske, ba na awa ɗaya ba.

Ko an yi shi daidai, akwai abin da ke kashe wannan wuri ga mai iyali. A Land Cruiser irin tawa, da Patrol da yawa, kujerun ƙarshe gefe ake naɗe su a rataye, su rufe daidai inda sifikar take. In an sauke su kuma yara sun zauna, sifikar tana jikin haƙarƙarinsu. Sannan but ɗinmu ba ya zama fanko. Jarkokin zamzam in an dawo daga Makka, kula, buhun shinkafa, katifar tafiya, darduma, keken yaro. Na shiga Patrol ɗin wani abokina da ya kashe kuɗi sosai a gefen but. Ranar da but ɗin yake fanko, sautin ya burge ni. Ranar da muka ɗauko baƙi daga filin jirgi da akwatunansu, kamar an rufe wa sifikun baki da filo. Wanda wurin nan ya yi wa rana shi ne wanda ya cire kujerun ƙarshe gaba ɗaya, ba ya lodi, kuma yana son fita sahara da abokai a buɗe baya a shimfiɗa darduma.

Ƙofar but ba zan daɗe a kanta ba, don ban ga wanda ya sa a nan ya ji daɗi har shekara ba. Ita ce ƙofar da aka fi bugawa da ƙarfi, ta nan ƙura ta fi shiga, kaya a jikinta suke jingina, wayar kuma dole ta bi ta wajen maƙalin ƙofa tana lanƙwashewa kullum har ta katse. A Patrol ƙofofin biyu ba girmansu ɗaya ba, babbar kuma tana ɗauke da safaya. A Land Cruiser mai buɗewa sama da ƙasa, ɓangaren ƙasan wurin zama ne, kowa a kansa yake ɗora gwiwa. Amfaninta ɗaya, in an buɗe a wajen shaƙatawa sauti yana fita waje. Shi ma a yi hattara, dokar kiyaye ɗa'a a bainar jama'a da aka fara aiki da ita a Saudiyya a 2019 ta hana ƙure sauti a cikin unguwa da kunna kiɗa lokacin sallah.

Akwati kuwa, irin wanda na gada, shi ne mafi sauƙi: ba yanka, ba huji, sauti mai kauri, in an gaji a cire. Na fahimci dalilin da ya sa samari suke son sa. Amma ina roƙon duk mai ɗaukar yara ya sake tunani. Akwatin da ba a ɗaure ba, ranar da aka taka birki na gaggawa ba ya zama inda yake. A hawan Hada, hanyar Ɗa'if, na sha jin nawa suna zamewa daga wannan gefe zuwa wancan a kowace kwana, ban ɗauki abin da muhimmanci ba sai da na ɗaga ɗaya na ji nauyinsa, na tuna cewa kawunan 'ya'yana ne a gabansa. In dole sai akwati, a kafe shi da ƙusa mai noti a jikin ƙarfe, ba igiyar roba ba. Ƙarƙashin kujera kuma wurin ƙaramar wufa ne mai ba da bas kaɗai. Sifikar murya in aka sa ta a nan, takalma kawai take yi wa magana.

Saura sama: ginshiƙin ƙarshe da ke kusa da ƙofar but, ko rufin kansa. Wannan ne na fi jinkiri kafin in yarda da shi, kuma shi ne ya warware mini matsalar kujerun ƙarshe. Hujjarsa a fili take. Sifikar da ke sama da kafaɗa babu kaya ko ƙafar da za ta tare ta, don haka ba ta buƙatar a ƙure ta kafin a ji kowane harafi. Ba sabon tunani ba ne. Jims na shekarun 1990, wato Suburban, da yawansu sun zo daga kamfani da dogayen sifiku sirara masu inci 4 da 10 a rufin baya, saboda tsawon motar da yawan kujerunta. Wanda yake da irin wannan motar aikinsa ya yi sauƙi, ya sauya na wurin kawai, ko da faranti mai karɓar wani girman.

Ga sauranmu, sai dai ƙananan sifiku masu inci 3.5 ko 4 a cikin ɗan kwanonsu, a kafa a saman ginshiƙi. Kada a sa ran bas daga gare su, ba aikinsu ba ne. Hasali ma gara a hana bas ɗin isa gare su, don shi ke sa ƙaramar sifika ta riƙa ɓarɓarniya har ta yage. In amfilifaya, na'urar ƙara wa sifika ƙarfi, tana da maɓallin tace sauti, a yi amfani da shi. In babu, kafasita marar kai da gindi mai kimanin maikurofarad 200 a kan wayar sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wutar lantarki) tana rage abin da ke ƙasa da haz 200.

Wurin yana da haɗurransa da ba a wasa da su. Inda bel ɗin kujera ya kama a jikin ginshiƙi, ba a huda kusa da shi, ba a kwance notinsa don a rataya wani abu. Motocin da suka ɗan fi sabunta, irin Land Cruiser na ƙarshe-ƙarshen zubin da aka yi daga 1998 zuwa 2007, wasu suna da jakar iska a gefen rufi. In an ga rubutun SRS a saman ginshiƙi, a bar wurin kwata-kwata. A cikin rufi kuma akwai hanyoyin iskar mukayyif na baya, ga shi rufin ne ya fi ko'ina shan rana, kwalinsa a tsohuwar mota ya riga ya fara saki, ba zai ɗauki nauyi ba sai an nemi ƙarfen da ke gicciye a samansa. Shi ya sa na fi son ginshiƙi a kan tsakiyar rufi. A kuma zaunar da mafi tsayin yaran a gwada, kada kwanon ya zama abin da kansa zai riƙa bugawa a kowane tudun titi.

Ɗaya aibin kuma direba ne yake jin sa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma kunne yana bin wanda ya riga isowa ya ce daga can maganar take, sai fa in na bayan ya fi shi ƙarfi sosai. Sifikun gaba sun fi kusa da direba, don haka muddin na baya suna ƙasa-ƙasa, zai ji mai karatu a gabansa. Amma sifikar da ke sama babu abin da ya tare ta, da an ɗan ƙara mata sai ka ji malamin ya koma bayan ƙeyarka. Ga kuma kunnen yaro da ke tazarar taƙi biyu da ita. Masana lafiyar kunne suna sa iyaka a wajen desibel 85 ga wanda zai daɗe yana saurare, kuma tafiyar Madina ba gajeriya ba ce. Sifikar sama, a hankali ake ba ta wuta.

Wannan ya kawo maganar da mutane suke tsallakewa. Rikodar mota hanya huɗu gare ta, biyu gaba biyu baya. Wanda ya sa a ƙofa ya kuma ƙara a ginshiƙi ya zama yana da shida. Abin da wasu masu gyara suke yi shi ne su murɗe wayoyin biyu wuri guda. Sifika biyu masu om 4 in aka haɗa su haka sun koma om 2, alhali yawancin rikodoji daga om 4 zuwa 8 aka yi su. Za ta yi aiki a shago, amma da rana tsaka a kan titi za ta ɗau zafi ta riƙa ɗaukewa, wata rana ta ƙone. In aka jera su ɗaya bayan ɗaya kuma sun zama om 8, babu haɗari, amma sauti ya ragu, kuma ba ka da ikon rage ta sama ka bar ta ƙofa. Kada kuma rubutun wat 50 sau 4 da ke jikin kwali ya ruɗi kowa, ƙarfin da rikoda take bayarwa a ɗore bai fi wajen 15 zuwa 22 ba a kowace hanya. Mafita mai tsafta ita ce ƙaramar amfilifaya mai hanya huɗu: biyu ga ƙofofi, biyu ga ginshiƙi, kowanne da maɓallin ƙarfinsa, sifikun gaba kuma su ci gaba da sha daga rikoda. A sa fis a kan wayar wutarta kusa da batir. Kafin a rufe marafai kuma a gwada kan waya da ƙaramin batir mai bolt 1.5: in an taɓa, fuskar kowace sifika ta motsa waje ɗaya da 'yar uwarta. In ɗaya tana fita ɗaya tana shiga, bas zai ɓace, mutum ya yi ta zargin kayan da ya saya.

To, wa ya kamata ya zaɓi me? Wanda yawanci shi kaɗai yake tuƙi, ko shi da mutum ɗaya, ya zuba kuɗinsa a sifikun gaba, ya sa matsakaita a ramin ƙofar baya, ya karkata feda, maɓallin raba sauti tsakanin gaba da baya, gaba kaɗan, ya huta. Mai layin kujeru biyu da iyali, ƙofa ce tasa, a yi ta da kyau. Mai fita sahara da ya cire kujerun ƙarshe, gefen but zai biya masa buƙata in ya yarda da wahalar aikin. Mai irin gidana, da kowace kujera take da mai ita, ƙofa da ginshiƙi tare, ba ɗaya ba.

Kafin mu huda ginshiƙin, dattijon nan ya sa na zo da mutanen gida. Ya ja doguwar waya, ya naɗe ƙaramar sifika a cikin tawul, ya ce a tada mota a kunna mukayyif na gaba da na baya, domin hucin fankar baya kaɗai yana cinye rabin murya, kuma gwajin da aka yi mota a kashe yaudara ne. Hajiya ta zauna a wurinta, yara suka shiga nasu. Ya riƙa ɗaga sifikar yana sauke ta, yana matsar da ita gaba da baya, yana tambaya, "Hajiya, nan fa? 'Yan mata, ya yi muku yawa?" Wurin da na so a sa ta tun farko, ƙaramin ɗana ya ce yana jin ta a kunne ɗaya kawai. Muka ɗaga ta sama da kamar faɗin tafin hannu, muka karkata fuskarta wajen tsakiyar rufi maimakon kan yaron, sai kowa ya yi shiru yana saurare. A nan ya sa alama da alli.

Akwatunan biyu na cire su, wurinsu yanzu jarkokin zamzam ne suke zama. Na rasa wani abu na kaurin sauti, ba zan ɓoye ba, kuma ina tunanin ƙara ƙaramar wufa a ƙarƙashin kujerar gaba in hali ya yi. A watan jiya mun je Umra da daddare, maɓallin murya bai wuce inda nake barin sa in ni kaɗai ne ba. Wajen shingen Shumaisi, a hanyar Makka, na ji Hajiya tana bin karatun a hankali, can kuma ta juya ta gyara wa babbar 'yata wani madd da ta gajarta.